Condottiere, Hessian, Friar: Yaya Ake Fassara Sunayen Sojojin Haya Da Na Ruhubanawa Daga Turanci?

Tambaya: Malam, ina fassara wani babi na tarihin Turai zuwa Hausa, sai na yi ta karo da kalmomi irin su condottiere, landsknecht da Hessian, ga kuma friar, Carthusian da anchorite. Ƙamus ya ce na farkon duk sojojin haya ne, na biyun kuma masu bauta ne na addinin Kirista. In rubuta "sojan haya" da "fada" kawai in wuce, ko akwai bambancin da ya kamata in sani?

Amsa: 'Yata, kada ki wuce. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, amma ya yi miki irin abin da mai gaggawa zai yi wa baƙo in ya tambaye shi ma'anar dogari, ɗan doka, ɗan sanda, ɗan banga da ɗan tauri, ya ce masa ai duk masu tsaro ne. Mu mun san dogari na sarki ne, ɗan banga na unguwa ne, kuma in aka ce ɗan doka an koma zamanin En'e. Kalmomin da kika lissafo haka suke. Kowace tana da garinsu da zamaninta, kuma kusan dukansu Turanci aro su ya yi daga Italiyanci, Jamusanci, Faransanci, Girkanci ko Latin. In kika niƙe su duka suka zama gari ɗaya, mai karatunki zai rasa abin da marubucin ya sha wahala ya zaɓo.

Mu fara da wadda ke bakinmu kullum. Soja daga soldier muka samo ta, ita kuma ta bi ta tsohon Faransanci ta koma ga solidus, tsabar zinariya da Sarkin Rum Kustantin ya fara bugawa a farkon ƙarni na 4. Ke nan tun asali soja yana nufin wanda ake biya. Mercenary ma daga merces take, wato lada ko ijara a Latin. Tunda kowane soja ana biyan sa, kuɗi kaɗai ba su raba sojan ƙasa da sojan haya. Tambayar da nake koya wa ɗalibaina su yi wa kowace kalma ita ce: wa ya ƙulla cinikin, kuma aljihun wa kuɗin suka shiga?

Ɗauki condottiere, jam'inta condottieri. Daga condotta ta fito, wato takardar kwangila da birni ke rattabawa da shugaban mayaƙa a Italiya ta ƙarni na 14 da na 15. Takardar kan faɗi yawan mahaya da zai kawo, tsawon watannin aiki da abin da za a biya. Saboda haka kalmar ba ta kowane mai riƙe da mashi ba ce, ta uban tafiyar ce. Ni "ɗan kwangilar yaƙi" nake fassara ta, kuma duk Bahaushen da ya san ɗan kwangilar gini zai gane nan take cewa mutum ne mai yara, mai kayan aiki, mai ciniki. Mafi shahara a cikinsu ma ba Ba'italiye ba ne. John Hawkwood mutumin Essex ne a Ingila. Da Ingila da Faransa suka yi sulhun Brétigny a 1360, dubban mayaƙa suka wayi gari babu aiki, babu albashi, ga makami a hannu. Suka haɗa ƙungiyoyi suna cin ƙauyukan Faransa, su ne za ki ga ana kira routiers ko free companies. Hawkwood ya gangara Italiya da wata ƙungiya mai suna White Company, ya yi wa Pisa yaƙi, ya yi wa Milan, ya yi wa Fafaroma, ya ƙare a hannun Fulorans, inda ya rasu a 1394. Italiyawa sun kasa furta sunansa, suka mai da shi Giovanni Acuto. Har yau a bangon babbar majami'ar Fulorans akwai zanensa da Paolo Uccello ya yi a 1436: yana kan doki, sandar jagoranci a hannun dama, an yi shi da launin kore-kore don ya yi kama da mutum-mutumi. Birnin da ya taɓa biyan sa kuɗi don ya ƙyale shi ne ya karrama shi haka. Wani kuma, Francesco Sforza, bai tsaya ga lada ba, ya zama sarkin Milan ɗungurungum a 1450.

Hessian kuwa akasin haka ne, kuma nan ne masu fassara suka fi zamewa. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga 1775 zuwa 1783, Ingila ta yi hayar Jamusawa kusan 30,000 daga ƙananan masarautu, mafi yawansu daga Hesse-Kassel, sai sunan ya rufe su duka. Waɗannan ba su yi ciniki da kowa ba. Sarkinsu ne ya yi, kuma babban kuɗin baitulmalinsa ya shiga. Sun tafi da kakinsu da tutocinsu da hafsoshinsu, da yawansu 'ya'yan manoma ne da aka ɗiba bisa dokar ƙasarsu. In kika ce "sojojin haya" kika yi shiru, mai karatu zai zaci 'yan neman ganima ne. Ki ce "sojojin da sarkinsu ya ba da haya". Amurkawa sun tsane su, musamman bayan George Washington ya tsallake kogin Delaware da dare ya afka musu a Trenton ranar 26 ga Disamba 1776, ya kama wajen 900, har kalmar ta zama zagi ga duk wanda ake saye. Ki kuma lura da ƙaramin harafi: hessian a Turancin Ingila ita ce algarara, wannan kaushin yadi na buhun gyaɗa. Na taɓa duba wata fassara inda aka ce an rufe kaya da sojojin Jamus, alhali buhun algarara ake nufi. Tun daga ranar nake shiga aji da guntun buhu in zan koyar da wannan darasi, in miƙa shi ɗalibai su shafa, kuma ban ga wanda ya sake mantawa ba.

Landsknecht dakaru ne masu yaƙi a ƙafa, Jamusawa, da aka fara tarawa a ƙarshen ƙarni na 15 ƙarƙashin Sarki Maximilian na 1 don su yi gogayya da mayaƙan Suwizalan. Makaminsu dogon mashi ne da ya ninka tsawon mutum fiye da sau biyu, tufafinsu kuma masu launi barkatai, a tsattsage da gangan don na ciki ya leƙo. Wanda ya yarda ya tsaya a sahun gaba ana ninka masa albashi, ana kiran sa doppelsöldner. Abin da ya sa sunansu ya zauna a tarihi shi ne ranar 6 ga Mayu 1527, lokacin da rundunar Sarki Charles na 5, da ta daɗe ba ta ga albashi ba, ta fasa birnin Rum ta washe shi. Masu gadin Fafaroma 'yan Suwizalan, su ma sojojin haya ne tun 1506, suka tsaya, aka kashe 147 daga cikin 189, Fafaroma ya samu ya tsere. Shi ya sa bisa al'ada 6 ga Mayu ce ranar rantsar da sababbin masu gadin Batikan. Dubi wannan rana da kyau: 'yan haya ne suka fasa gari, 'yan haya ne suka mutu a ƙofa. Kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Gallowglass mayaƙa ne masu manyan gatura daga yammacin Sikotilan da sarakunan Ailan ke haya tun ƙarni na 13, ma'anar sunan "baƙon mayaƙi". Freelance da 'yan jarida ke kiran kansu yau, asalinta mai mashin da ba shi da ubangida, kuma Walter Scott ne ya yaɗa ta a littafinsa Ivanhoe na 1819. Amma ki kiyayi biyu da ake yawan cusawa a wannan sahu bisa kuskure. Janissary, daga Turkanci yeni çeri, wato sabuwar runduna, yara ne da Daular Usmaniyya ta ɗiba ta rena su suka zama sojojin Sarkin Musulmi, har Mahmud na 2 ya rushe su a 1826. Mamluk kuma Larabci ne da kika sani, wanda aka mallaka, su ne suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517. Waɗannan ba 'yan haya ba ne, bayin sarki ne, kuma wannan kalma tamu ta fi duk wata ta Turanci dacewa da su, domin mun san bawan sarki kan fi ɗa ƙarfi a fada.

A yau kuma mercenary ta zama kalmar shari'a. Sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Janiba ta 1977 ya hana sojan haya matsayin fursunan yaƙi, kuma wakilan Najeriya ne suka gabatar da shawarar, ƙasar da ta ga Turawa 'yan haya irin su Rolf Steiner a yaƙin basasa. Saboda nauyin kalmar ne kamfanonin zamani suke guje mata suna kiran mutanensu contractors. Ki duba, an dawo kan condotta ke nan, kwangila.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wanda ya fi buƙatar natsuwa, domin addinin mutane ne, kuma akwai Hausawa Kirista da za su karanta aikinki. Fada daga Father muka aro ta, tana nufin limamin Katolika da aka naɗa, mai jagorancin ibada. Monk da friar ba matsayin limanci ba ne, salon rayuwa ne. Mutum zai iya zama ɗaya daga cikinsu bai taɓa zama fada ba. Francis na Assisi kansa, wanda ya kafa ƙungiyar Franciscan a 1209, ba a taɓa naɗa shi fada ba. Kalmar da ta fi kusa a wurinmu ita ce wadda masu tafsiri ke amfani da ita, ruhubanawa, daga Larabci rahib, irin Bahira da ke cikin littattafan sira. A nan tambayoyina biyu ne: ina yake kwana, kuma da me yake ci?

Monk daga Girkanci monos take, wato shi kaɗai. Abin ya faro ne a hamadar Masar a ƙarni na 3 da na 4. Wanda ya shige daji shi kaɗai, irin Antoni na Masar, shi ne hermit ko eremite, daga eremos, hamada. Wanda ya zauna cikin jama'a a gida ɗaya, ci tare, addu'a tare, bisa tsarin da Pakomiyus ya fara, shi ne cenobite. Stylite kuma wanda ya hau kan ginshiƙi ya tare, irin Saminu da ya shafe shekara fiye da 30 a kan ginshiƙi kusa da Halab har ya rasu a 459. Akwai wata kalma da ba kasafai za ki gani ba, gyrovague. Benedict, wanda ya rubuta dokar da yawancin gidajen ruhubanawan Turai suka bi tun ƙarni na 6, ya kasa ruhubanawa gida huɗu a babin farko, ya sa gyrovague a ƙarshe: mai yawo daga gida zuwa gida, ya ci na kwana uku ko huɗu ya ƙara gaba, ba ya ƙarƙashin kowa. Saboda irinsu ne ya sa mabiyansa su yi alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa.

Anchorite da kika tambaya ta fi dukansu taɓa zuciyata. Macen ana ce mata anchoress, kuma a Ingila mata sun fi maza yawa a wannan hanya. Ana gina ɗan ɗaki a jikin bangon coci. Taga ɗaya tana kallon wurin ibada, ɗaya ta miƙo abinci da fitar da shara, ɗaya tana kallon titi, da labule, inda masu damuwa ke zuwa neman shawara. Ranar shiga, bishop kan karanta mata wasu daga addu'o'in jana'iza, domin ta mutu ga duniya, sannan a rufe ƙofa. Julian ta Norwich, wadda aka haifa wajen 1342, haka ta rayu, kuma littafinta shi ne mafi daɗewa da ya iso gare mu da aka san mace ce ta rubuta da Turanci. Za ki so ki ce halwa, kuma ba laifi, amma ki ƙara "ta har abada", domin mai shiga halwa a wurinmu kwanakinsa ƙidayayyu ne, yana fitowa ya koma ga iyalinsa.

Friar kuwa daga frère take, ɗan'uwa. Sun ɓullo a ƙarni na 13 lokacin da birane suka cika, suka ce ba za su zauna bayan katanga suna cin amfanin gona ba, za su shiga kasuwa da lungu su yi wa'azi su ci daga sadaka. Shi ya sa ake ce musu mendicant, masu bara. To ga amsar tambayoyina biyu: monk yana kwana a gida ɗaya yana ci daga gonar gidan, friar yana yawo yana ci daga hannun jama'a. Turawan Ingila da launin riga suka san su. Greyfriars su ne Franciscan, Blackfriars su ne Dominican da aka tabbatar a 1216, Whitefriars su ne Carmelite. Nan ake ruɗewa, domin White Monks wasu ne daban, Cistercian da aka kafa a Cîteaux a 1098, White Fathers kuma 'yan mishan ne da aka kafa a Aljeriya a 1868, ga kuma White Company ta Hawkwood da ba ruwanta da ibada. Carthusian na gidan Chartreuse ne da Bruno ya kafa a duwatsun Faransa a 1084, kowa a ɗakinsa, shiru mafi yawan yini. Capuchin reshe ne na Franciscan daga 1528, sunansu daga hular rigarsu mai tsini, kuma launin rigar ne ya ba kofi mai madara suna cappuccino.

Kin san abin da ya sa waɗannan kalmomi suka zama baƙi ko ga Bature? Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen ruhubanawa fiye da 800 tsakanin 1536 da 1540, ya ƙwace dukiyarsu. Mutanen suka watse, sunayen suka maƙale a tituna. A Landan akwai gada da tashar jirgin ƙasa mai suna Blackfriars, akwai Austin Friars, akwai Charterhouse, wadda Chartreuse ce bakin Ingilishi ya tauna. In kin ga ɗaya daga cikinsu a jimla, ki tabbatar ko mutum ake nufi ko unguwa. Kuma ba su yi mana nisa yadda ake zato ba. 'Yan Dominican ne aka damƙa wa yankin Sakkwato na Katolika a 1953, 'yan Augustinian daga Ailan ne suka yi aikin Yola, kuma Fafaroma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025 ɗan Augustinian ne, wato friar.

Akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu, kuma ina zaton babinki zai kai can. Templar da Hospitaller ruhubanawa ne masu takobi na zamanin yaƙoƙin Salibiyya. Sun yi alkawarin talauci, rashin aure da biyayya kamar kowane monk, amma aikinsu yaƙi. An kafa Templar a Ƙudus wajen 1119, hatiminsu mahaya biyu ne a kan doki ɗaya, alamar talauci, sai dai ƙungiyar ta yi dukiyar da har sarakuna ke cin bashinta. Sarkin Faransa Philip na 4 ya kame su ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307, aka rushe su a 1312. Hospitaller kuwa da gidan jinyar maziyarta suka fara, suka koma Rodos, sannan Malta a 1530. Kada ki kira ɗayansu sojan haya, ba shi da aljihun kansa. Amma su kansu sun yi haya. Mahayansu masu nauyin sulke ba su iya bin sawun maharban Musulmi masu saurin doki, sai suka ɗauki 'yan ƙasa masu baka da kibiya, ana kiran su turcopoles, daga Girkanci "'ya'yan Turkawa". Shugabansu shi ne turcopolier, kuma a wurin Hospitaller wannan sarauta ta zama ta jagoran 'yan Ingila.

Saura kalmomin da Turanci ya kira namu mutanen da su, inda nake so ki fi buɗe ido. Dervish daga Farisanci take, fakir daga Larabci faƙir, duk suna nufin matalaucin da ya kama hanyar sufanci. Amma a littattafan Ingila na ƙarshen ƙarni na 19, dervish na nufin mayaƙan Mahadin Sudan, waɗanda aka yi wa kisan gilla a Omdurman a 1898, alhali su Ansar suke kiran kansu. In kin ci karo da ita a wannan mahalli, ki rubuta Ansar. Haka in Bature ya rubuta Sufi order, ki mayar da ita ɗariƙa, kada ki bari inuwar gidan ruhubanawa ta biyo ta. Ɗan Tijjaniyya ko Ƙadiriyya yana da mata da 'ya'ya da rumfa a kasuwa, ya yi wazifa ya koma gida. Mafi kusa da shi a tsarin Katolika shi ne tertiary, mai bin ƙungiya yana zaune cikin iyalinsa.

Marabout kuwa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ji kullum a Faransanci a matsayin malami, daga murabiɗ take, mazaunin ribaɗi, wato sansanin bakin iyaka inda ake haɗa ibada da tsaro. Daga jam'inta al-Murabiɗun aka sami Almoravid, daular da ta taso daga yammacin Sahara a ƙarni na 11 ta mulki Maroko da Andalus. Turawa har tsuntsu suka laƙaba wa sunan, marabou, borin tinke namu, saboda tsayuwarsa shiru kamar mai tunani. Mu ma ba mu bar kalmar ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa ribaɗi a iyakokin daula, ya tare a na Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Masana harshe kuma suna mayar da murabus ɗinmu ga wannan tushe: sarki ya ajiye rawani ya koma ga carbi da littafi, ya zama murabiɗ. Don haka in marubucinki ya ce marabout, ki duba shekarar da wurin kafin ki zaɓa. In Sahara ce ta ƙarni na 11, mayaƙin ribaɗi ne. In Damagaram ce ko Maraɗi a rahoton wani jami'in mulkin mallaka, malam ne da allonsa da almajiransa, sai ki rubuta malam.